Insulin ne ke riƙe da ragamar, ba sinadarin girma ba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce gwaji ya nuna sinadarin girma na jikinki ya yi ƙasa alhali IGF-1 (wani sinadari da ke isar da saƙon girma ga sassan jiki) yana daidai, kuma kina tambaya ko wannan ne ya jawo miki ƙiba, ko ki nemi allurarsa. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini, irin wannan sakamako kuwa ba baƙo ba ne a wajen masu ƙiba.

Sinadarin girma daga wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya je hanta ya sa ta samar da IGF-1. To ita hanta, insulin (sinadarin da ke daidaita sugan jini) da fankiriyas, wata gaɓa a bayan tumbi, ke zubawa yakan biyo ta cikinta kafin ya zagaya sauran jiki. Idan ƙiba ta sa jiki ya daina jin maganar insulin, sai fankiriyas ta ƙara yawansa. Wannan insulin mai yawa yana sa hanta saurin amsa kiran sinadarin girma, ko kaɗan ne ya isa. Yana kuma rage IGFBP-1, ɗaya daga cikin sunadarai shida da ke ɗaure IGF-1 a jini, sai IGF-1 da ke yawo ba a ɗaure ba ya ƙaru. Ƙwaƙwalwa ta ga ya wadata, sai ta rage sinadarin girma. Shi kuwa sinadarin girma yana taimakawa wajen narkar da kitse, insulin kuma yana hana narkewarsa, kin ga abin ya zama gaba kura baya sayaki.

A masu ciwon suga nau'i na 1 akasin haka ake gani: insulin ba ya isa hanta yadda ya kamata, IGF-1 ya faɗi, sinadarin girma ya hau.

Akwai alamar da ba sai an ja jini ba. Ki duba bayan wuyanki da hammata a madubi. Idan fatar ta yi duhu, ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, kuma ba ta fita da wanka, sau da yawa insulin ne ya yi yawa har yake taɓa wuraren da ke karɓar saƙon IGF-1 a ƙwayoyin fata. Na sha ganin iyaye suna goge wuyan yara da soso har ya yi ja, suna zaton dauɗa ce.

Maganar allura kuwa, ban ba ki shawara ba. Sinadarin girma da kansa yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin, yana iya ɗaga sugan jini. Gwaji ɗaya ma ba ya tabbatar da ƙarancinsa, domin hawa da sauka yake yi, ya fi fita cikin barcin dare. Idan nauyi ya ragu, sinadarin girma yakan farfaɗo da kansa. Ki koma wurin likitanki ki nemi gwajin HbA1c (mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya) da na suga kafin karin kumallo, ki nuna masa wuyan naki idan kin ga duhun.