Maɓalli da makullin maratayin jita: wanne za a sa wa wace?

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa jitar mutumin nan mai kiɗa a coci a Sabon Gari na sa mata makullin ƙarfe mai tsada, ita kuwa ta ɗalibin da ya zo daga Samaru na yanka mata 'yar roba kawai na sallame shi, alhali kukansu ɗaya ne, wato maratayi yana zamewa daga maɓalli, ɗan ƙarfen nan da ke jikin jita inda ake maƙala maratayin. Har ka ce ko aljihunsu na duba. Ba aljihu na duba ba. Jitar na duba, na kuma duba yadda kowannensu yake riƙe ta.

Ka fara sanin cewa nauyin jita gaba ɗaya a kan sukuru biyu yake rataye, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsanka ba. Maɓallin da kake gani a waje rumfa ce kawai, aikin yana cikin katako. Saboda haka duk jitar da aka kawo maka, kafin ka yi maganar makulli, kama maɓallin da yatsu biyu ka murɗa. In ya juya, ko ka ji yana rawa, ramin ya cinye. Ko makullin da ya fi kowanne tsada ka ɗora a kai, ranar da zai fita, da makullin da sukurun da komai za su fito tare, jita ta sha ƙasa.

A garin nan kuwa wannan ba abin mamaki ba ne. Da damina katako yana shan danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi ya tsuke. Shekara biyu uku ana haka, zaren da sukuru ya yanka a cikin katakon sai ya saki. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu ake yawan kawo mana irin wannan gyaran. Maɓallin gindi ya fi saurin saki, domin a can sukurun yana bin tsawon jijiyar katako ne, ba ya ratsa ta, riƙonsa ba shi da ƙarfi. In kuma jitar ta araha ce da aka yi da katako mai laushi ko falawud, abin ya fi muni.

Gyaransa ba wuya, amma ka yi shi da natsuwa. Cire sukurun, ka busa ƙurar ramin. Ɗauki tsinken sakace biyu ko uku, ka tsoma su a farin gam na kafinta, ka cusa su har ƙasa, ka karya abin da ya yi saura daidai da fuskar katako, ka goge gam ɗin da ya ɓullo da tsumma mai ɗan laima kafin ya taɓa fenti. In ramin ya yi faɗi ƙwarai, tsinke ba zai wadatar ba: feƙe ɗan katako mai tauri ka toshe shi, ka bar shi ya kwana, washegari ka huda sabon rami. Kada ka zuba sufa gulu ka danna sukuru a ciki. Ana kawo mana irinsu, in an zo cirewa sai kan sukurun ya gutsure ya bar jikinsa a ciki, aikin minti goma ya koma na yini. Kuma ko yaushe ka fara huda ɗan siririn rami wanda bai kai kaurin sukurun ba, ka goga wa zarensa kyandir ko busasshen sabulu, ka ɗaure da sukudireba ta hannu, ba da inji ba. 'Yar wosha mai laushin nan da ke tsakanin maɓalli da fenti, kada ka yar da ita. Ita ke hana ƙarfe tsaga fentin.

To, yanzu maganar makulli. Iri biyu ne za ka fi cin karo da su.

Na kamfanin Schaller na Jamus, wanda ya fito tun 1981, yana da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar kofaton doki da ake ɗaurewa a jikin maratayi. Maɓallin yana zamewa ya shiga ciki, wani ɗan tsinke mai sifirin ya faɗa ramin maɓallin ya kulle. In za ka cire sai ka ja ɗan kan. Abin da nake so da shi, in ka ɗaura shi bakin kofaton yana kallon sama, ko da tsinken ya gaza, maɓallin yana zaune a cikin kofaton, nauyin jitar ma ƙara zaunar da shi yake yi. In ka juya bakin ƙasa ka kashe rabin amfaninsa, kuma sau da yawa haka masu shi suke ɗaura shi da kansu. Aibinsa shi ne notin da ke matse shi a fata yana kwancewa a hankali, kofaton ya riƙa juyawa. Matse shi da sifana, ba da yatsa ba. A 2018 sun fito da sabon samfuri, S-Locks, wanda maɓalli da sukuru suke haɗe abu guda, aka kuma sauya notin da wani faifai mai ɗan sukurun da ke hana shi kwancewa. Ya fi, amma ka lura: tunda sukurun a haɗe yake, ba ka da damar amfani da tsohon sukurun jitar, dole ramin ya dace da shi.

Na Dunlop na Amurka kuwa, sanda ce ke shiga cikin ramin maɓallin, ƙananan ƙwallayen ƙarfe su buɗe su riƙe, sai ka danna tsakiya kafin ya fita. Yana juyawa ko ta ina, maratayi ba ya murɗewa. Amma shi nauyin duk a kan ƙwallayen yake, kuma ƙurar hunturu tana shiga ta daskarar da su. Yana son ɗigon man keken ɗinki lokaci-lokaci, kuma ka koya wa mai shi ya riƙa jin ƙarar shigarsa, sannan ya ja ya tabbatar kafin ya saki jita. Akwai samfurinsu da ake binnewa cikin jikin jita, sai an huda rami na kusan milimita 10. Wannan ba na yi wa kowa sai ya nace, domin ramin ba ya komawa, kuma ranar da ya manta maratayinsa a gida ba shi da inda zai rataya wani.

Na wannan kamfani ba ya shiga na wancan. Ka tambayi mutum jita nawa gare shi da maratayi nawa, ka sa masa iri ɗaya a duka. Sannan jabu sun yi yawa. Za ka gane su da rashin nauyi a hannu, da sifirin mara ƙarfi, da sukuru mai laushi wanda kansa ke cinyewa tun ɗaurin farko. Da jabun makulli gara roba.

Wani abin da ke kama yara a aikin nan shi ne sukurun da ke zuwa cikin kwalin makulli. Sau da yawa ya fi na asalin jitar siranta, musamman a jitocin kamfanin Gibson da masu kwaikwayonsu. In ka sa shi a tsohon rami zai shiga salin-alin, ka ɗauka ka gama. Ko dai ka toshe ramin ka sake hudawa, ko ka riƙe tsohon sukurun ka goge gefen kansa da zarto mai laushi har ya nutse cikin sabon maɓallin. In kan ya ɗago ko kaɗan, makullin ba zai kama ba. Ka kuma tuna makulli yana nesanta maratayi daga jikin jita, wannan na ƙara wa sukuru wahala, don haka tsayinsa da kaurinsa ba abin wasa ba ne.

Mutumin cocin nan jitarsa ƙirar Les Paul ce. Irinsu sukan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, maɓallin samansu kuma yana zaune a inda maratayi ke lanƙwashewa ya zame da an ɗaga wuyan jitar. Ga shi a tsaye yake kiɗa awa biyu, yana rausaya, yana sunkuyawa ya gyara na'ura. Kan irin wannan jitar a karkace yake zuwa baya, katakon wurin siriri ne, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya shi, kuɗin ɗorin kuwa ya ninka na makulli sau da yawa. Shi ɗalibin, tasa ƙirar Stratocaster ce mara nauyi, maɓallinta a kan ƙaho yake inda maratayi ke zama daidai, kuma yawanci a bakin gado yake koyo. Da na duba, maɓallinsa lafiya lau, ramin fatar maratayinsa ne ya buɗe. Sai na yanko faifan roba daga tsohon tub na babur, faɗinsa ya ɗan fi kwabo, na huda tsakiya ƙarami, na tura shi bayan maratayin. Kamfanin Fender ma suna sayar da irin wannan robar a kwali. Matsalarta ɗaya, cire maratayi ya zama aiki, shi kuwa ba ya cirewa.

In fata ce ta gaji, ka aika shi wurin baduku a sake masa bakin da fata mai kauri. Sai dai in makulli za a sa, ka gaya wa badukun kada kaurin ya wuce abin da zaren makullin zai ratsa noti ya kama, kuma ramin ya zama zagayayye da aka fasa da ƙarfen huji, ba tsaga da reza ba.

Jitar da ba ta lantarki ba, ita hukuncinta daban. Da yawa maɓalli ɗaya gare su a gindi, wani ma ba sukuru ba ne, turke ne da aka cusa. In mai ita yana son na biyu, a dunduniyar wuya ake sa shi, ta ɓangaren siraran tsirkiyoyi, kuma sai ka leƙa ciki da madubi ka ga ko akwai ƙusar ƙarfe da ta riƙe wuyan kafin ka huda. Kada ka taɓa huda siririn gefen jikinta inda babu katako a baya. Wadda kuma aka sa wa jakin waya a gindi, wato soket ɗin da ake cusa wayar lasifika, ramin nan milimita 12 ne, makullan da na faɗa maka ba sa hawa kansa. Nan sai a buɗe ramin maratayi daidai wuyan jakin, a bi shi da roba.

Gobe akwai jitar bes da za a kawo daga Wusasa, ta fi duk waɗannan nauyi. Kai za ka karɓe ta. Ka murɗa maɓallan, ka cire sukuru ɗaya ka kawo mini in ga tsayinsa, sannan ka faɗa mini abin da kake ganin ya dace da ita kafin in faɗi nawa.