Bashi ya yi mini katutu a Jidda, shin zan rasa gidana?

Tambaya: Ina da shagon darduma, carbi da turare a Bab Makka, Jidda, rajistar kasuwancin da sunana take. Diloli uku suna bina riyal dubu 700, ɗayansu yana riƙe da sanad li'amr, wato takardar alkawarin biyan kuɗi, da na sa wa hannu. Gidana kuma jingine yake a banki. Abokai sun ce in mayar da mota da ragowar kaya sunan maiɗakina kafin a kai ni kotu. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya yaye maka, ya buɗa maka ƙofar biya. Shawarar abokan nan dai ka ajiye ta tun yau. Dokar iflas ta Saudiyya, wato dokar karyewar jari da aka fitar a 2018, ta ba kotu ikon warware irin wannan kyauta ko ciniki idan an yi shi cikin wata 12 kafin buɗe shari'ar, wata 24 kuma in da iyali aka yi. Ɓoye dukiya don a cuci masu bin bashi laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Ka ga za ka jawo baiwar Allah cikin rigimar da ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sanad ɗin nan. Mai shi ba ya buƙatar doguwar shari'a, kotun tanfiz, wato kotun zartar da hukunci, zai kai shi kai tsaye ta Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a. Da zarar an sanar da kai, kwana 5 gare ka. In ba ka biya ba, sai hana fita ƙasa da riƙe asusun banki, ɗan kasuwan da aka riƙe wa asusu kuwa ciniki ya tsaya ke nan.

Don haka ka riga shi motsawa. A dokar iflas akwai abin da ake kira taswiya wiƙa'iyya, sulhun riga-kafi: kai ne za ka ci gaba da tafiyar da shagonka, ka kawo tsarin yadda za ka biya, masu bin bashi su kaɗa ƙuri'a a kai. Ana kuma iya roƙon kotun kasuwanci ta dakatar da masu bin ka bashi na ɗan lokaci, ka samu ka numfasa. Tunda bashin dilolin bai kai riyal miliyan 2 ba, lauya ya duba, in an haɗa da na banki, ko kana cikin ƙananan masu bashi, waɗanda aka yi wa hanya mai sauƙi da ƙarancin kashe kuɗi. Na san mutanenmu suna jin kunyar kalmar iflas, kamar an yi shelar talauci a kasuwa. Ni ban ga abin kunya ba ga wanda ya fito da littafinsa ya ce ga abin da nake iya biya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Maganar gida kuma: dokar tanfiz ta 2012 ta hana a ƙwace gidan da mutum yake zaune da iyalinsa, gwargwadon buƙatarsu, haka ma abin hawansa da kayan sana'arsa. Amma wannan kariyar ba ta aiki a kan wanda aka jinginar wa gidan. Diloli ba za su taɓa shi cikin sauƙi ba, banki kuwa zai iya neman a yi gwanjonsa. Kuɗin wata-wata na banki kada ka bari ya tsallake, ko da za a rage cefane. In ka ga zai gagara, ka rubuta musu tun da wuri ka nemi a sake tsara biyan.

Cikin makon nan ka tattara rasitai, takardun banki da lissafin kayan da ke shago, ka kai wa akanta da lauya mai lasisi. Sannan ka je wurin mai sanad ɗin da kanka, tare da dattijon da yake jin nauyinsa, duk abin da kuka daidaita kuma a rubuta shi a sa hannu.