Amsa ga ɗana kan daɓen jirginshi

Assalamu alaikum ɗana, ina gajiya, ina Tawa, ina mamanka da ƙannenka. Na ga saƙonka tun daren Talata da hotunan ɗan jirgin da kake haɗawa, ban amsa ba don idona bai son hasken waya da dare kuma maganar ta wuce layi biyu, sai yau bayan la'asar na samu zama. Wallahi aikin ya yi kyau, gangar jikin ta tsaya daidai, na nuna ma abokan zamana nan bakin kasuwar Katako a Yamai kowa sai da ya karɓi wayar ya ƙara dubawa.

Ka ce zanen Biktori ka samu a intanet, jirgin yaƙin Ingila, kana yin shi ƙarami kashi 1 cikin 100, yanzu ka kai ga shimfiɗa katakon daɓe. Ka tambaye ni ko al'ada ce kawai ta masu jirgi da ba su jera bakin katako layi guda, tunda jerawar ta fi sauƙi kuma a ganinka ta fi tsabta, sannan ka ce ka karanta wai ana sa kuɗin ƙarfe ƙarƙashin babbar sandar jirgi, ko kai ma ka sa. To bari in fara da ta farkon don ita ce mai nauyi.

Al'ada ce, amma irin wadda ruwa ya koya ma mutane da tsiya. Ni sanda na tahi Abijan cin rani kamar sauran samarin Adar, na faɗa wurin wani tsoho mai gyaran jiragen masunta a bakin lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, na yi shekaru hannunshi. Aikin farko da ya sakar min ni kaɗai daɓen wani ɗan jirgi ne, na yanke katakai duka tsawo ɗaya na jera, mahaɗarsu ta miƙe sak daga wanga gefe zuwa wancan kamar an ja da igiya, ina jin daɗi ina jiran yabo. Tsohon ya zo ya tsaya kai, bai yi faɗa ba, ya taka wurin da ƙafa sau biyu ya miƙo min abin cire ƙusa. Kwana biyu ina ɓamɓarewa. Daga baya ya zaunar da ni ya ce in dubi yadda magina ke ɗora bulo, akwai wanda ka taɓa gani ya sa haɗi bisa haɗi tun daga tushe har sama? In an yi haka damina guda bangon zai tsage a wurin. Kai ma ka fita ƙofar gida ka dubi katangar makwabta za ka gani.

Jirgi kuma ya fi bango wahala don shi bai zaune wuri guda. In igiyar ruwa ta ɗaga tsakiyarshi gaba da baya su rataya, in ta ɗaga gaba da baya tsakiya ta lotsa, haka dare da rana, katakon daɓe shina cikin abin da ke riƙe tsawon jirgin kada ya karye. Inda duk katako biyu sunka haɗu baki da baki nan ne rauni, in ka tara raunin duka layi guda ka yi ma ruwa alamar inda zai tsaga. Ka tuna shi Biktori na gaske an saka shi ruwa 1765, tsawonshi wajen mita 69, faɗi kusan 16, da igwa 104 a cikinshi, manyan kowace ta kusa tan 3 kuma in an harba sai ta zabura baya da ƙarfi. Da shi Nelson, babban kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya yi yaƙin Tarafalga a 1805 inda anka harbe shi bisa wannan daɓen na sama, kuma har yau jirgin na nan garin Fotsmot na Ingila ana zuwa kallo. Icce wajen 6000 anka sare don gina shi, masu wannan aikin ba su yi abu don ado.

Ƙa'idar da na sani ita ce, ƙarƙashin daɓe akwai manyan itatuwa da ke gicciye kamar azara a rufin soro, kuma bakin katako dole bisa azara zai sauka, don nan ne ake samun abin kafa ƙusa, ba a barin haɗi shina lilo a sarari. Sannan bisa azara guda, in an yi haɗi a wanga layi sai an tsallake katako uku ko huɗu lafiyayyu kafin a sake wani. Kai naka daɓen nasan falanki ne ka shimfiɗa a ƙasa babu azara, to ka zana su da fensir, layi gicciye kowane santi ɗaya da rabi tun daga gaba har baya, ka ba su lamba 1 zuwa 5 kana maimaitawa. Katakonka ka yanke santi bakwai da rabi, mita bakwai da rabi kenan a na gaske. Layin farko haɗinshi ya sauka kan 1, na biyu kan 3, na uku kan 5, na huɗu kan 2, na biyar kan 4, sai ka koma 1. Ka rubuta lambobin a takarda ka liƙa gabanka don in dare ya yi ido na ruɗewa, ni kaina sai na sa alli nake tunawa.

Faɗin kuma kada ya wuce milimita 3, don katakon daɓe na gaske bai cika wuce santi 25 zuwa 30 ba. Na ga a hoton ka tara sandunan askirim, waɗannan in ka sa su yadda suke kowane ya zama katako mai faɗin mita guda, babu iccen da ke ba da haka a daɓen jirgi, duk wanda ya san aiki kallo ɗaya zai gane. Ka tsaga kowane uku da reza da rula ta ƙarfe, ko ka tahi wurin masu kabad da gado nan Tawa ka roƙi ragowar siririn ɓawon katakon da suke liƙa ma fuskar kaya, mai haske, irin samba. Kada ka sa maɗaci ko wani jan icce duk da kyawonshi, daɓen jirgin yaƙi fari-fari yake saboda matuƙa na durƙusawa da safe su goge shi da dutse da yashi da ruwan teku. Layukan za su haura 40, kada ka ce sai ka gama a mako guda.

Ka fara daga tsakiya. Ka ja layi daga hancin jirgi zuwa gindinshi, ka liƙa katakon farko bisanshi daidai, sannan ɗaya dama ɗaya hagu kana tahiya gefe. In ka faro daga gefe guda kuskuren rabin milimita zai yi ta taruwa, kafin ka kai ɗaya gefen daɓen ya karkace kuma babu gyara. Tsakanin ƙofofin sauka ƙasa inda tazara gajera ce kada ka sa haɗi ko ɗaya, kafinta na gaske guntu ɗaya zai ɗauko ya rufe wurin. Wajen hanci kuma inda jirgi ke tsukewa, ana fara kewaye gefen da katako mai ɗan faɗi da ya bi lanƙwasar jikin, sauran su zo su shiga cikinshi, amma ba a barin bakinsu ya ƙare da tsini kamar mashi, tsini bai riƙe ƙusa kuma shi ke fara ruɓewa, sai a datse bakin a sassaƙa mashi gurbi cikin na gefen. Wanga wurin shi ne mai cin rai, in ka yi shi da kyau sauran duk wasa ne. Kuma ka lura tsakiyar daɓe ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangara ya fita ta ramukan gefe, kamar rufin soro da indararo.

Baƙin layin da kake gani tsakanin katakai kwalta ce. Tsohuwar igiya ake warwarewa a cusa a tsagar da ƙarfe da guduma sannan a zuba narkakkiyar kwalta bisa. Mu ma nan bakin gulbi masu manyan jiragen katako haka suke da tsumma, ka taɓa gani sanda munka tahi Gamkalle kana yaro, in ka tuna. Kai fensir mai taushi ya ishe ka, ka goga a gefe ɗaya na kowane katako da bakinshi kafin ka liƙa. Kada ka sa alƙalamin maka ko biro, tawada na bin jijiyar icce ta yi dabbare-dabbare. Gam kuma farin nan na kafintoci, kaɗan da tsinken ashana, abin da ya fito ka share nan take da ɗanyen tsumma. Mai kamawa nan da nan bai ba ka lokacin gyara zama kuma shina barin tabo. In ka gama kada ka yi saurin kai sanfefa, tana kwashe baƙin fensir ta shafe ma daɓen duka ya yi toka-toka, ka kankare da bakin reza ko fasasshen gilashi kana bin tsawon icce, a hankali don yatsunka. Zancen ƙusa ka bar shi, a na gaske ana nutsa kanta a toshe da ɗan icce, in an rage sau 100 ido bai ganinta, masu ɗiga baƙin ɗigo ko'ina ɓata aikinsu suke.

Abu guda da zanen Turawa ba zai gaya maka ba shi ne iskarmu. Icce na sha da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, kuma ta faɗi yake motsi, tsawon bai cika canzawa ba. In ka liƙa cikin Agusta da ɗanyen katako, watan Janairu za ka ga tsaga ta buɗe. Ka yanke su ka aje cikin ɗakin da kake aiki mako biyu kafin ka taɓa, kuma kada ka bar jirgin bakin taga inda rana ke bugu.

Maganar kuɗi ƙarƙashin sanda gaskiya ne ana yi, tsohuwar al'ada ce tun zamanin Rumawa, masu teku na ganin tana kawo sa'a. Ita ba ta riƙe katako ba ta hana ruwa shiga, kuma sa'a ta Allah ce. Mu da tsohon nan in za a tura jirgi ruwa bisimilla ake yi a raba sadaka ga yara. In kana so ka sa dala guda don tarihi kawai, ka nuna ma mai kallo yadda mutanen da ke yi, ban ga laifi ba tunda zuciyarka ba ta rataya gare ta ba, amma ni da za ka bi tawa ka ba almajiri ita.

Ina da ragowar samba busasshe tun bara a shago, zan tsaga maka daidai milimita 3 in ba direban da ke zuwa Tawa ran Jumma'a. Ka shimfiɗa layi biyar na farko ka turo min hoto daga sama kafin ka ci gaba. Ka gaida mamanka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi.