Tambayar yarona a kan gadar Bahrain

Jiya muna shan shayi a gareji a Dammam ka ce da ni, "Maigida, wai da gaske gadar Bahrain a kan ruwa take shawagi kamar kwalekwale? In babbar mota ta hau ba ta lotsawa?" Na lura tun da na ce za ka raka ni ƙetare ranar Lahadi abin yake cinka a rai.

Kwantar da hankalinka, yarona. Gadar Bahrain ɗin, wato Gadar Sarki Fahad, ba ta shawagi. Tsawonta kilomita 25 daga Khubar ta Saudiyya zuwa Bahrain, an buɗe ta a 1986. Wani ɓangaren a kan ginshiƙan kankare yake, waɗanda aka kafa a ƙasan teku, wani kuma ciko ne na duwatsu. A tsakiya akwai tsibirin da ake duba fasfo da takardun kaya.

Amma wanda ya ba ka labarin bai ƙaga ba, akwai gadojin da ke shawagi da gaske. A jihar Washinton ta Amurka akwai ta Hood Canal, ta fi kilomita 2, a kan ruwan gishiri. Ruwan wurin ya yi zurfin da ginshiƙi ba zai yiwu ba, sai aka jera manyan akwatunan kankare masu fanko a ciki, aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe zuwa ƙasan teku. Teku ta cika gadar ta ɗaga, ta janye gadar ta sauka. A Fabrairun 1979 guguwa ta nutsar da rabinta na yamma. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, don an riga an rufe ta. Shekara da shekaru tana ɗaukar motoci ba ta gaza ba, iska ce ta ci ta.

Mu ma a tamu gadar iskar nake so ka kula da ita. A kan teku babu gini, babu tudu, ba abin da zai tare maka ita. In iskar da ake kira shamal ta taso daga arewa, gefen mota take duka, musamman in ka sauke kaya kana dawowa fanko. Na taɓa jin sitiyari ya yi mini sakayau a hannu, bayan mota ya nufi layin kusa, har yau ban manta ba. Hannu biyu a sitiyari. Ka rage gudu tun kafin ka hau inda gadar ta yi tozo. In tirela ta wuce ka za ta tare maka iskar na ɗan lokaci, tana gotawa sai ta dawo maka da ƙarfi, to ka shirya mata, kar ka figi sitiyari, kar ka danna birki a firgice. Idonka can gaba a kan layinka. Wanda ya tsaya kallon ruwa, inda ido ya bi nan hannu ke bi.

Da sanyin safiya kuma hazo kan sauka, raɓa ta jiƙa kwalta, sai ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba.

In mun dawo kai za ka wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi, ka duba kan batir, don iskar gishiri tsatsa take haifarwa. Ranar Lahadi ka zo ana idar da sallar asuba, ka auna iskar tayoyi, ka ƙara ɗaure igiyoyin tamfol kafin in iso.