Me Ya Sa Masu Karatu Ke Rabuwa Kan Matar Da Ta Gudu?

Tambaya: Malama, ni da ƙawayena mun karanta wani labari na matar da ta tsere daga gidan mijinta bayan shekaru yana juya ta yadda ya ga dama. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Wasunmu har da hawaye, wasu kuma suka ce rashin haƙuri ne kawai, "to me ya yi mata?" Me ke kawo wannan saɓani?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan gardamar ta girme mu duka. A 1848 Anne Brontë ta fitar da The Tenant of Wildfell Hall a Ingila, labarin matar da ta ɗauki ɗanta ta guje wa miji mashayi. Masu sharhi suka yi mata ca, har wasu suka ja kunnen mata kada su karanta. Bayan rasuwarta a 1849, yayarta Charlotte ba ta yarda a sake buga shi ba. A dokar ƙasar ta wancan zamani, duk abin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne, sai a 1870 aka fara gyara wannan.

Mai cewa "me ya yi mata" tabo take nema, wanda za a nuna da yatsa. Shi kuwa irin wannan auren ba ya barin tabo a jiki. Yau ya karɓi wayarta ya duba, wai kishi ne. Gobe ya ce ƙawarta ba ta da tarbiyya. Ta dawo daga sayayya sai ta ƙirga masa canji a tafin hannu. Tana cikin dariya da ƙanwarta ta ji ƙarar motarsa a ƙofa, sai dariyar ta ɗauke. Ɗauki kowanne shi kaɗai, ba ya isa a kai ƙara. Tara su shekara da shekaru, za ki ga mace ba kuɗi, ba ƙawa, ba ta ma yarda da tunanin kanta. Masanin zamantakewa ɗan Amurka, Evan Stark, ya rubuta littafi guda a 2007 kan wannan mallaka ta tursasawa, kuma tun 2015 Ingila da Wales suka mayar da ita laifi, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5.

Waɗanda suka yi hawaye kuwa, sau da yawa sun san ƙarar motar nan, ko a gidansu ko a gidan da suka tashi. Kada ku matsa musu sai sun faɗi dalili.

Akwai kashi na uku da ba ki ambata ba, kuma su suka fi ba ni haushi: masu cewa "ai da ni ce, tun shekarar farko na fita." Fita da me, zuwa ina, yaran kuma fa? Masu aiki da matan da ake gallazawa sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa yana cikin mafi haɗari, don a nan ne mai mallaka ke ganin abin ya kuɓuce masa. Marubucin da ya sa tauraruwarsa ta yi ta jinkiri, tana ɓoye takardu, ta fita ta sake komawa, ya san abin da yake rubutawa.

In kun sake zama, ku ajiye zancen wa ke da gaskiya. Ku buɗe babin farko ku ƙirga mutanen da take magana da su, sannan ku ƙirga na babin da ta gudu.