Mu da taswira, su da khariɗa: amsa ga mai tambaya daga Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ɗan'uwanmu ya shiga kantin littattafai a Jidda ya nemi "taswirar Makka", yana ganin ai Larabci ya yi, sai mai kanti ya nuna masa injin fotokwafi. Shi ne yake son sanin ko taswira ba Larabci ba ce, daga ina Larabawa suka samo khariɗa, wato sunan da suke kiran taswira da shi, kuma me zai riƙa cewa nan gaba.

Larabci ce tsantsa, Malam, wurin aikinta ne ya bambanta. Tushenta sad, wau, ra, inda aka samo sura da musawwir da taswir. A bakin mutanen Saudiyya a yau, taswir ɗaukar hoto ne ko kwafar takarda, shi ya sa kake ganin allon "mamnu'ut taswir" a wuraren da aka hana ɗaukar hoto. Ka faɗa wa ɗan Pakistan ko ɗan Indiya, shi ma hoto zai fahimta, don haka take a Urdu da Hindi. A Swahili ma taswira hoto ce ko kamannin abu. Hausa ce ta keɓe ta ga zanen ƙasa.

Kuma ba da ka Hausa ta yi hakan ba. Malaman Musulunci na farko da suka zana duniya "sura" suke kiran abin da suka zana. Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9, sunan littafinsa na fasalin ƙasa Suratul Ardi, wato surar ƙasa, kuma Ibn Hauƙal ya sake amfani da sunan a ƙarni na 10. Al-Idrisi ya kammala nasa aikin a 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu a Sisili: ya raba duniyar da aka sani gida 7 daga kudu zuwa arewa, kowane gida kashi 10, zane 70 ke nan, kudu kuma a sama. Wanda ya saba da taswirar makaranta sai ya juya littafin kafin ya gane Bahar Maliya. A ganina, Bahaushen da ya ce taswira ya fi kusa da harshen waɗannan malamai fiye da Balaraben da ya ce khariɗa. Kada kuma a ɗauka boko ne ya kawo mana sanin abin. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Kilapaton zanen ƙasashe da koguna a Sakkwato, da rubutun Larabci a jiki, aka buga shi a Landan a 1826.

Ita khariɗa, a tsohon Larabci jakar fata ce da ake zuba kaya ko wasiƙu a ɗaure bakinta. Ma'anar zanen ƙasa daga baya ta hau kanta, ta ƙarfin wata kalma mai kama da ita a lafazi wadda ta cika tekun Bahar Rum. Asalin waccan ta Girkanci ce, khartes, fallen takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu. Romawa suka ce charta, Italiyawa carta, Faransawa carte, Jamusawa Karte, Rashawa karta, Turkawa harita, Habashawa masu Amharik ma karta. Shi ya sa za ka ji wasu Larabawan na cewa kharɗa maimakon khariɗa, 'yan'uwanmu na Sudan kuma da ita suke kiran zanen ginin gida.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne wannan kalma ta Girka ta daɗe a gidanmu, ta ƙofofi daban-daban. Ta shiga Larabci tun kafin Musulunci a matsayin ƙirɗas, tana nan a Suratul An'am aya ta 7, jam'inta ƙaraɗis kuma a aya ta 91. Kantin kayan rubutu da ake kira ƙirɗasiyya a nan daga ita ne. Ta shigo Hausa ta hannun Buzaye, waɗanda suka karɓe ta daga Latin suka sa mata "ta" ɗin tamata irin na harshensu, muka samu takarda. Yarabawa suka ara a wurinmu. Sai ta sake dawowa da Turawa a matsayin kati, ga kuma karta ta 'yan caca. Wato takardar da ke hannunka da khariɗar da kake nema kaka ɗaya gare su.

Ingilishi da Sifaniyanci da Fotugis da harshen Poland wata hanya suka bi. Map da mapa daga mappa ta Latin suke, ƙyallen goge hannu a wurin cin abinci. A tsakiyar zamani Turawa suka riƙa cewa mappa mundi, ƙyallen duniya, aka yi ta gutsure sunan har ya rage map. Mafi shahara cikin waɗanda suka saura tana cocin Herefod a Ingila, an yi ta wajen 1300, kuma a kan fatar maraƙi take, ba ƙyalle ba. Peta ta mutanen Indunusiya da Malesiya, waɗanda muke haɗuwa da su kowace Hajji, ita ma daga kalmar Sanskrit ce mai nufin ƙyalle. (Kada wani ya kawo zanen ɗaurawa da zanen alƙalami a nan. A rubutun boko ne kawai suka yi kama, a baki ɗaya wasalinsa gajere ne, ɗaya dogo.) Farisawa da masu Urdu naƙsha suke cewa, daga naƙsh na Larabci, sassaƙa ko ado. Mutanen Sin ditu, zanen ƙasa kai tsaye, Jafanawa da Koriyawa suka karanta haruffan da lafazinsu, chizu da jido. Wasu dai sunan abin da aka yi zanen a kai suka riƙe, wasu sunan zanen kansa, mu muna cikin na biyu.

To ga abin da zai yi maka aiki a gari. Ko khariɗar ma ba ko'ina take shiga ba. Ta bango ko ta littafin yara, ta ƙasa ko ta birni, ita ce khariɗa, jam'i khara'iɗ, kuma haka aka fassara sunan manhajar Google Maps a waya mai Larabci. Idan maganar fili ce, kroki za ka ji, daga croquis ta Faransanci: ɗan zanen da ke nuna iyakokin fili huɗu, tsawon kowane gefe da mita, faɗin titin da ke gabansa da abin da yake maƙwabtaka da shi. Mukhaɗɗaɗ kuwa babban tsarin unguwa ne da aka yanka filaye aka ba kowanne lamba, shi ya sa adireshin fili kan zo da lambar ƙiɗ'a, wato filin kansa, da lambar mukhaɗɗaɗ. Sakk takardar mallaka ce, ba zane ba. Masu yi wa mutane tafinta su kula da wannan, domin in ka mayar da duka huɗun "taswira" ka haɗe abubuwan da ofishi bai haɗe ba. Gara ka ce zanen iyakar fili, tsarin unguwa, takardar mallaka.

Akwai kuma inda taswir ɗin nasu ke ɓata taswirar tamu. Kowane zane na ƙwarai yana da ma'auni, miƙyasur rasm. In an rubuta 1:100, santimita ɗaya mita ɗaya ce, irin na zanen gini. In 1:1000 ne, santimita ɗaya mita 10. In 1:50,000 ne, mita 500. Mai fotokwafi kan rage babbar takarda A3 ta koma A4 don ta shiga fayil, wannan kuwa yana mayar da komai kusan kashi 71 cikin ɗari, amma lambar ma'aunin tana nan yadda take. Sai ka sa rula a gefen da yake mita 100 ka samu 71. Ka ce a kwafa maka da girmansa na asali, ko ka dogara da tsawon da aka rubuta da lamba a kowane gefe, ko da ɗan layin ma'auni da ke ƙasan zanen, don shi yana raguwa tare da sauran.

Direba da mai kawo saƙo ba ruwansu da duk wannan, "arsil lokeshan" za su ce maka, wato ka turo inda kake ta waya. In ka tura lambobin wuri, waɗanda ake kira ihdasiyyat, na arewa ke fara zuwa sannan na gabas. Ka'aba tana wajen 21.42 da 39.83. Ka juya su, waya ta kai mutum tsaunukan ƙasar Girka. A faɗin Saudiyya lambar farko ita ce ƙarama, to da ka ga ta fi ta biyu girma an yi musaya. Mafi sauƙi ka nemo gajeren adireshinka na Unwanul Waɗani, wato tsarin adireshi na ƙasar Saudiyya, harufa 4 da lambobi 4, ka ajiye a waya. Cikakkensa yana da lambar gini mai alƙaluma 4, sunan titi da unguwa, lambar gidan waya mai 5, da ƙarin lamba mai 4, kuma shi banki da kamfanonin aika kaya suke tambaya.