Tambayoyinku: Muna so mu kwana a tanti a Yellowstone, ya abin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Salt Lake City nan Amurka, ina tare da iyalina da yara biyu. Mun yanke shawara in hutun watan Yuli ya zo mu ɗau hayar mota mu je gandun dajin Yellowstone mu yi kwana uku a tanti, yara su ga namun daji da ruwan zafin nan mai tsartuwa sama. Ni Yankari kawai na taɓa zuwa, toh shi ma ana wanka kamar a Wikki? Sannan maman yara tsoron beyar take ji, wai kar ya shigo mana tanti cikin dare.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kai mu hutun lafiya. Maganar wanka zan fara ɗauka don ita ta fi tada min hankali. Dan Allah cire Wikki daga ranka gaba ɗaya. Ruwan Wikki ɗumi ne mai daɗi wajen digiri 31, na Yellowstone kuwa tafasasshe ne, wani ma har da asid, kuma ƙasar da ke kewaye da shi ɓawo ne kawai, ka taka ta rufta da kai. Sama da mutum 20 sun rasu a wajen saboda ƙuna. An shimfiɗa hanyar katako, a kanta ake tafiya, yaran nan ka riƙe hannunsu gam kar ka saki ko don ɗaukar hoto.

Abin da ke faruwa shi ne akwai narkakken dutse a ƙarƙashin wajen, ruwan sama da na ƙanƙara ya tsiyaya ƙasa ya yi zafi, hanyar fitarsa kuma matsattsiya ce sai ya taru ya taru har tururi ya ingizo shi sama da ƙarfi, kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Irin waɗannan maɓuɓɓugai masu tsartuwa sama sun haura 500 a dajin, kusan rabin na duniya kenan. Wanda kowa ke zuwa gani shi ne Old Faithful, kusan duk minti 90 yake feshi, yakan kai mita 30 zuwa 55, kuma ana rubuta lokacin da ake sa ran zai tashi a ofishin baƙi. Ku leƙa Grand Prismatic ma, wani babban tafkin ruwan zafi ne, ku ga launuka. Za ku ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙibiritu ne, ba komai.

Daga garinku zuwa ƙofar yamma tafiyar awa biyar ce ko makamancin haka. Amma fa dajin ƙato ne, tun 1872 aka keɓe shi, kusan murabba'in kilomita 9,000, gudu kuma ba ya wuce mil 45 a awa, ga ɓauna su tare titi ku zauna jira har sai sun ga dama. Ni shawarata ka kama waje a sansanin Madison ko Canyon tun yanzu ta intanet, don na Yuli watanni kafin lokacin yake cika.

Namun daji kuwa sai da sammako. Asuba tana yi wajen ƙarfe huɗu a lokacin, kuna idar da sallah ku kama hanyar kwarin Lamar ko Hayden, nan za ku ga garken ɓauna, in da rabo har kyarkeci waɗanda aka dawo da su daga Kanada a 1995. Doka ce a bar yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci ko zakin dutse (cougar), yadi 25 da sauran. Kuma wallahi ɓauna ta fi beyar raunata mutane a wajen, ka ganta tana kiwo shiru kamar saniyar gida, alhali namijin yakan kai kilo 900 kuma ya fi ka gudu nesa ba kusa ba.

Ka gaya wa Hajiya tsoronta yana kan hanya, amma ƙamshi ne ke jawo beyar. Kilishi, dambun nama, man goge baki, sabulu, har humra da turarenta, ko ɗaya kar ya kwana a tanti, a kulle a mota ko akwatin ƙarfen da ke sansanin, tukunya ma a wanke a ɓoye. Ka sayi barkonon feshi na korar beyar a garin West Yellowstone kafin ku shiga, ka karanta yadda ake harba shi.

Ku tafi da bargo mai kauri da rigunan sanyi, wajen tudu ne sosai, ko a Yuli dare yakan sauka kusa da sifili. Naman halal ku saya tun daga gida ku sa a kula da ƙanƙara, sannan ka sauke taswira da lokutan sallah a waya kafin ku shiga don sabis ba ya kamawa a yawancin wurare.